Mun kai shi don damuwa, likita kuma yana tambayar kwanakin jin daɗi

Rakia: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah masu aikin likita na cikin gurup ɗin nan ina da tambaya. Ƙanena ne ya yi wajen wata uku baya fita fada, baya buɗe shago, abinci sai Inna ta tsaya kanshi, ko wanka sai da faɗa. To mun kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ni na ɗauka ordonansi za a rubuta mana mu wuce farmasi, sai mutumin ya gyara zama yana ta tambayarshi wai ko ya taɓa yin kwanaki yana jin ƙarfi fiye da yadda ya saba, ko ya taɓa rage barci kuma bai gaji ba, ko ya taɓa ɓarin kuɗi. Harda ni ya tambaya. Ƙarshe yace mu dawo da matarshi kafin ya bada magani. Abin ya ɗaure min kai wallahi, yaron da ko tashi baya iyawa shi ake tambaya jin daɗi?

Moutari Dole: Hhhh kuɗin randebu na biyu ake nema ƙanwata, mun san su

Majo Laouali: Wa alaikumus salam. Moutari ka ji tsoron Allah. Rakia ki gode ma Allah kun faɗa hannun wanda ya san aikinshi. Abin da yake nema shi ne ko ƙanenki damuwa ce kaɗai ke damunshi, ko kuwa ciwon da muke ce ma bipoler ne, wanda mutum ke sauka ƙasa wani lokaci, wani lokaci kuma ya hau. Hawan kala biyu ne. Akwai babba, mani, wannan kowa na ganewa don har sai an riƙe mutum an kwantar da shi. Akwai ƙarami, ipomani, shi ne mai wuyar kamawa, don mutum yana zuwa aikinshi, yana sallah, yana ciniki, sai dai barci ya ragu sosai kuma baya jin gajiya, surutu ya ƙaru, tunani na gudu, ya ga babu abin da ya fi ƙarfinshi, ya ɗauko sabga goma lokaci guda, kuɗi na fita ba lissafi, wani kuma saurin fushi ne ke zuwa mishi. A littafin DSM-5 da likitocin Amurka suka fitar a 2013 an ce sai abin ya kai kwana 4 a jere, kuma sai an samu alama 3 bayan canjin halin da ƙarin kuzarin, in fushi ne kaɗai to alama 4. Mani kuma sati guda, ko in har ya kai ga kwantarwa. To wa zai zo likita yace ina jin daɗi da yawa a bani magani? Babu. Sai ranar da suka faɗi suke zuwa, donk in ba ka tambaya ba ba za ka taɓa ji ba.

Rakia: To Majo in ma haka ne mi ya hana a fara bashi maganin damuwar tukuna, ai ita ce muke gani yanzu

Majo Laouali: Nan ne haɗarin yake. Maganin damuwa irin amitriptilin ko fuluwoksetin in ka ba mai bipoler shi kaɗai ba tare da maganin daidaita hali ba, yana iya cilla shi sama, mutumin da ke kwance ya miƙe ya wuce gona da iri, ko ya riƙa hawa da sauka kusa da kusa. Amitriptilin ma ya fi yin haka, kuma shi ne mai araha da ake samu ko'ina. Littafin mhGAP da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta yi ma masu aiki a ƙananan gidajen likita ya faɗi ƙarara, kafin ka rubuta maganin damuwa ka tambayi ko mutum ya taɓa yin mani a baya.

Moutari Dole: Ni dai Majo da girmanka amma wannan lissafin naka rabin ƴan kasuwar Dole duk sun shiga ciki. Wanda baya barci, mai surutu, mai ganin zai iya komi, mai zuba kuɗi cikin kaya, ai wannan sunanshi ɗan kasuwa mai himma. Ni kaina in sallah ta matso kwana nike a shago ina ɗaurin kaya, gobe na kama hanyar Kano jibi na dawo. Kenan nima a rubuta min? Nasara ne kawai basu da aikin yi, komi sai sun sa mishi suna

Ibro: Alhaji kai naka ba sai an tambaya ba, tun daga surutun gurup ɗin nan an gane 😂

Majo Laouali: Moutari bayan sallah mi kake yi? Kwana biyu kake kana ramuwar barci, na sani don shagonka rufe yake. Kai ka hana kanka barci saboda riba, jikinka kuma yana binka bashi. Wanda muke magana awa uku ta ishe shi, ya tashi garau, gobe ma haka, jibi ma haka, kuma ba sallah ba biki ba dalili. Sannan ba halinshi bane na kullum, matarshi da abokan fadarshi su ke cewa wane ya canza. Kai kuwa tun muna lakwal haka kake. Haka watan Afrilu in zafi ya taso kuran ya ɗauke duk Zinder ba mai barci, amma da safe kowa jiki a mace yake zuwa serbis, wannan ba shi bane. Goman ƙarshe na azumi ma haka.

Nafissa: Majo barka da dare, ni ɗaliba ce a lakwal ɗin lafiya, ina istaj yanzu. An koya mana akwai takardun tambayoyi da ake ba marar lafiya ya cika, amma tunda na fara ban ga wanda ya ɗauko ko guda ba. Suna da amfani ne ko na jarabawa ne kawai?

Majo Laouali: Ƴata suna da amfani. Biyu ne aka fi sani. Akwai MDQ da wani likitan Amurka Hirschfeld da abokan aikinshi suka fitar a 2000, tambaya 13 ne eh ko a'a, in mutum ya ce eh a 7 ko fiye, kuma yace abubuwan lokaci guda suka zo mishi, kuma sun jawo mishi matsala ba ƙarama ba, to sai a zurfafa bincike. Sai HCL-32 ta Jules Angst na Zurich a ƙasar Suwis, ta fito 2005, tambaya 32, daga 14 zuwa sama ake sa ido. Ita wannan don ipomani aka yi ta musamman. Ni ra'ayina duk wanda ya zo da damuwa a yi mishi ɗaya daga ciki, minti goma ne, don a wurare da dama mutane na yin shekaru ana basu maganin damuwa kafin a gano bipoler ne.

Likita Hadiza: Sannunku, yanzu na sauko daga gardi na ga saƙonni. Majo kai babba ne a wajena kuma a hannun irinku muka koyi aiki, amma a nan ban bi ka duka ba. Tambayar kam dole ce, wannan ba gardama. Takardar ce nike da ja a kanta. Ɗauki MDQ, akwai tambayar da ke cewa ko abin ya jawo maka matsala, to mai ipomani ai cewa zai yi lokacin ne ma na fi lafiya a rayuwata, sai ya zille, shi ya sa ta fi kama masu babban hawan ta bar masu ƙaramin. HCL-32 kuma ta fi kamawa amma tana kwaso har waɗanda ba ruwansu, mai shan tramol, mai saurin fushi tun yarinta, wanda hankalinshi baya tsayawa wuri guda tun yana ƙarami. Rariya ce kawai, abin da ya tsaya a cikinta sai ka sa hannu ka duba tsakuwa ce ko hatsi. Tsorona shi ne ɗan istaj ko anfirmiye da ke shi kaɗai a ƙauye da layin mutum hamsin ya ƙirga ya ga 15 ya rubuta bipoler a karne, shikenan an liƙa ma mutum abin da zai bi shi har tsufa.

Sannan ku duba tambayoyin kansu. Ko kana ƙara gudu da mota, ko kana ƙara shan kafe, ko giya, ko kana sa tufafi masu ɗaukar ido da kwalliya, ko sha'awarka ta ƙaru, ko kana yawan kwarkwasa. An yi su ne don mutum ya zauna shi kaɗai ya karanta ya cika. Mu kuwa yawancin waɗanda ke zuwa mana daga Mirya, Magarya, Tanut basu karanta faransanci, kai ne za ka karanta musu da baki, ga uwar miji zaune ga wan miji tsaye bakin ƙofa. Ka tambayi matar aure ko sha'awarta ta ƙaru a gaban surukarta ka ga in za ta sake dawowa.

Majo Laouali: Ai fitar da su ake waje Likita

Likita Hadiza: A wane ɗakin Majo, wanda labule ne ya raba shi da layi? 

Majo Laouali: Hhh to wannan kin kama ni. Amma ki bari in faɗi nawa. Ke kin yi shekara bakwai ko takwas kina karatu, tambayoyin suna kanki. Yaron da aka tura ƙauye shi kaɗai fa, in babu takarda gabanshi ko tunawa ba zai yi ba, daga jin bana barci bana cin abinci sai ya rubuta amitriptilin. Gara ya ƙirga ya ga lamba ta hau ya turo mana, da ya bada maganin ido rufe. Abin da za a koya mishi shi ne takarda bata yanke hukunci, turowa take sa a yi.

Likita Hadiza: In za a tsaya nan ɗin na yarda. Na dai ga inda ba a tsaya ba.

Malam Sani: Salamu alaikum. Ina ta bin maganar. Mu ma irin waɗannan suna zo mana, kuma sau tari mu ake fara kawo ma kafin ku. Za ka ga yaro shiru shiru, kwatsam ya kama raya dare gaba ɗaya, ya yi ta wa'azi a fada ba a tambaye shi ba, ya rabar da kayanshi sadaka, iyaye suna murna wai ya shiryu. Bayan sati biyu kuma ko sallar asuba sai an ja shi. Wasu su ce iska ce wasu su ce sammu ne daga abokan sana'a. Ni ina yin rukiyya don Alƙur'ani waraka ne, amma ina ce musu su haɗa da likita, Manzon Allah SAW ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Tambayata a nan, ta yaya za ku raba wanda Allah ya buɗe ma zuciya da gaske da wanda ciwo ne? Don kar ya zama duk wanda ya ƙara ibada ku ce a kawo shi.

Majo Laouali: Allah gafarta Malam ai kai ma ka bada amsar. Wanda ya shiryu yana ɗorewa, yana natsuwa, iyalinshi na samun sauƙinshi. Wannan kuwa ba ibadar kaɗai ke ƙaruwa ba, komi ne ke ƙaruwa tare, magana, faɗa, yawo, kashe kuɗi, kiran waya tsakar dare, sannan ya faɗi. Mu ba yawan sallah muke aunawa ba, barci da canjin hali muke bi. In kuma ya kai ga cewa shi ne Mahadi ko yana jin ana mishi magana daga sama, to ya wuce ipomani, wannan mani ne, a kawo shi ranar, kar a ɗaure shi a gida.

Ibro: Majo tsakani da Allah abin da kuke lissafawa duk na gani a tashar kabu-kabu. Yaro ya haɗiye tramol da shayi da safe, wuni yake bisa moto baya jin rana baya jin yunwa, surutu kamar rediyo, dare ma yana aiki. Shi ma bipoler ne?

Likita Hadiza: Yawwa Ibro abin da nike faɗi kenan. Irin wannan in ka bashi takardar zai cika ta taf. Dole a tambayi mi mutum ke sha, tramol, wiwi, har dekiza ɗin nan da mata ke saye a tebur don su yi ƙiba, deksametazon ne, shi kanshi yana hana barci ya tada hali. Ciwon tiroyid ma, halittar nan ta wuya, in ta yi aiki da yawa yana kawo rawar jiki, zufa, rama, rashin barci, zumuɗi, wani lokaci da maƙoƙo a wuya, wannan gwajin jini ke nuna shi. Sai dai kuma abin na haɗuwa, akwai mai bipoler ɗin da gaske wanda ya faɗa tramol don ya tada kanshi lokacin da ya faɗi. Shi ya sa ake tambaya wanne ya riga, kuma ko hawan ya taɓa zuwa lokacin da baya shan komi.

Maman Amir: Ni ban cika magana a nan ba amma bari in faɗi nawa ko wata za ta amfana. Bayan haihuwata ta biyu na shiga wani hali, kuka ba dalili, ko jaririn bana son a miƙo min. Aka kai ni wani wuri aka bani ƙwayar damuwa, ba wanda ya tambaye ni komi na baya. Ba a jima ba sai na ji na warke har na fi da, ƙarfe biyun dare ina wanki ina share tsakar gida, na ɗauki kuɗin adashin mutane da ke hannuna wajen jika ɗari biyu na zuba a atamfa wai zan buɗe shago, na yi faɗa da uwar mijina wadda ko ido bana iya haɗawa da ita. Ni a raina lafiya ce ta dawo. Yayata ce ta tuna musu cewa tun ina budurwa na taɓa yin irin haka lokacin jarabawar brebe, kowa ya ce ƙoƙari ne. Da aka canza likita aka canza magani yanzu alhamdulillah. Kuɗin adashin kuwa mun fi shekara muna biya. Rakia ku kai matar tashi, ni da ni kaɗai aka tambaya cewa zan yi ban taɓa ba, don ban ɗauke shi ciwo ba.

Rakia: Allah sarki Maman Amir, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu da kike faɗi, bara bayan girbi ya taɓa sayo moto biyu bashi lokaci guda yace zai sa yara kabu-kabu, kuma a satin ya fara zancen ƙara aure, Baba har ya yi mishi faɗa. Mu dariya muka yi ta yi lokacin

Majo Laouali: Wannan ki faɗa ma likitan yadda kika faɗa nan, da watan da abin ya faru da tsawon kwanakin da ya ɗauka. Ban ce shi ne ba, ban ga yaron ba. Kuma abu guda Rakia, tunda yanzu a ƙasa yake, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kanshi, tambayar bata sa mutum ya aikata. Ku kawar da piya-piya da maganin ƙwarin gona da tarin ƙwayoyi daga ɗakinshi. In ya ce eh kar ku jira randebu.

Hajiya Zouera: Ni duk na ji bayaninku ƴaƴana amma ku likitoci baku san garin nan bane ko kun manta. Ranar da aka ji an kai matar yaro wajen likitan ƙwaƙwalwa an yi mata tambayoyi, kafin la'asar maganar ta zaga Birni ta kai Zango, gobe dangin yarinya su zo su ce a basu ƴarsu, ƙannenshi mata kuma ba mai zuwa neman aurensu don za a ce gidan masu taɓin hankali ne. Ba gara uwarshi ta je ba? Uwa ita ke rufa asiri.

Likita Hadiza: Hajiya gaskiyarki kan bakin mutane, kuma sirrin marar lafiya wajibi ne a kanmu, ko matar ma sai da yardarshi za a kira ta. Amma dalilin da ya sa ake son matar, ita ke kwana ɗaki guda da shi, ita ta san ƙarfe nawa ya kwanta ƙarfe nawa ya tashi, ita ta san in kuɗin cefane ya ninka ko ya ɓace. Uwa tana ɗakinta, kuma uwa ko ta gani rufewa take, har a gabanmu. Maganar gado kuma, eh yana bin dangi, shi ya sa muke tambaya ko akwai wani a gidan da ya taɓa yi, amma yawancin ƴaƴan mai ciwon basa kamuwa. OMS ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 40 ke da shi a duniya a 2019, ba gidan wani ne kaɗai ba.

Hajiya Zouera: To ku dai ku riƙa rufe karnen nan, ba a bar shi bisa tebur kowa na buɗawa ba

Moutari Dole: Ni har yanzu ban gamsu ba fa. Mutum na cikin ƙarfinshi yana jin daɗi yana neman kuɗi ku bashi ƙwaya ku kwantar da shi ya zama sanyi sanyi. In ƙaramin hawan baya kai shi asibiti ku bar mishi abinshi mana, ku yi maganin faɗuwar kawai

Majo Laouali: Da ana iya raba su da mun raba Alhaji. Masu ciwon da yawa abin da suke roƙo kenan, kuma shi ke sa su aje magani. Amma faɗuwar da ke biyo baya ita ce mai tsawo, watanni, kuma bashin da aka ci da sakin da aka yi a kwanakin hawan suna nan suna jiranshi. In magani ya sa mutum sanyi da yawa a dawo a gyara, akwai zaɓi, ba a aje ba.

Nafissa: Majo wane magani ake bada wa kenan in an tabbatar? An ce mana litiyom ne na farko

Majo Laouali: Litiyom tsoho ne, tun 1949 wani likita John Cade a Ostareliya ya nuna amfaninshi, kuma har yau yana cikin mafi inganci. Matsalarshi sai ana auna shi a jini akai akai, a duba ƙoda da tiroyid, kuma in jiki ya bushe da zafi ko zawo ko azumi ba shawara yana taruwa ya zama guba, ki tuna zafin garin nan. In babu labo mai auna shi kusa ba a fara shi. Shi ya sa za ki fi ganin Dépakine da Tégrétol a ordonansi, da wasu na daban da likita zai zaɓa.

Maman Amir: Likita ni Dépakine ɗin nike sha, kuma maigidan ya fara maganar a ƙara haihuwa, na ma tsaida planin wata biyu da suka wuce

Likita Hadiza: Maman Amir wannan ba na bari bane. Dépakine na iya illata jariri a ciki tun satittikan farko, ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake kauce mishi ga macen da ke iya ɗaukar ciki. Kar ki tsaida shi da kanki daren nan don ciwon na iya dawowa da ƙarfi, amma gobe da safe ki je wajen likitanki ki ce mishi kin bar planin, a yi miki gwajin ciki, a duba abin da za a canza miki da shi. Kafin nan ku yi amfani da kariya. Kuma in an ce Tégrétol ki tuna mishi shi ma yana da nashi haɗarin ga ciki kuma yana rage ƙarfin ƙwayar planin. Ki tafi da karnenki da kwalin maganin, in da hali maigidan ya raka ki ya ji da kunnenshi.